Kotu na duba hanya, minista na riƙe da biza: Halin da masu neman mafaka ke shiga bayan Ostireliya ta ƙi su

A watan Janairun 2022 duniya ta kalli yadda kotunan Ostireliya ke duba hukuncin jami'an shige da fice, albarkacin shahararren ɗan wasan tanis Novak Djokovic. An soke bizarsa a filin jirgin saman Melbourne ranar 6 ga watan. Ranar 10 Mai Shari'a Anthony Kelly ya rushe wannan sokewa, saboda jami'an sun yanke hukunci kafin cikar lokacin da suka ba shi ya tuntuɓi lauyoyinsa ya kare kansa. Ranar 14 ministan shige da fice na lokacin, Alex Hawke, ya yi amfani da ikonsa na kansa ya sake soke bizar. Ranar 16 alƙalai uku suka ce ministan bai fita daga hurumin da doka ta ba shi ba, aka sa ɗan wasan a jirgi.

Djokovic ba mafaka ya nema ba, amma dokar da ta hau kansa, wato Dokar Shige da Fice ta 1958, da kotunan da suka saurare shi, su ne ke yanke makomar duk wanda Ostireliya ta hana bizar kariya ta 'yan gudun hijira. Shari'arsa ta nuna abubuwa biyu da suka shafe su kai tsaye. Na farko, alƙali ya duba hanyar da aka bi ne wajen yanke hukunci, bai ce ko ya cancanci zama ko bai cancanta ba. Na biyu, nasara a kotu ba ta hana gwamnati sake yanke hukunci iri ɗaya, muddin ta gyara hanyar. Inda suka bambanta shi ne lokaci. Abin da aka kammala wa ɗan wasan cikin kwana goma sha ɗaya yakan ci wa mai neman mafaka shekaru.

Batun ya sake tasowa tun daga ranar 14 ga Oktoban 2024, lokacin da ƙasar ta rushe tsofaffin hukumomin da ke bitar irin waɗannan hukunce-hukunce ta kafa sabuwa. Tambayar da ke gaban 'yan majalisa da lauyoyi da ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam ita ce ko sabon tsarin zai rage dogaro da kotu, da kuma abin da za a yi da dubban mutanen da tsohon tsarin ya riga ya ƙi.

Matakai uku, tambayoyi biyu

Wanda ya nemi bizar kariya a cikin Ostireliya yana fara haɗuwa ne da jami'in Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida da ke wakiltar minista. Sashe na 36 na dokar ya tanadi hanyoyi biyu na cancanta. Ko dai mutum ya nuna yana da tabbataccen tsoron muzgunawa saboda launin fata ko ƙabila, addini, ƙasa, ra'ayin siyasa ko kasancewa cikin wani rukunin jama'a, kamar yadda Yarjejeniyar 'Yan Gudun Hijira ta 1951 ta tanada. Ko kuma ya nuna cewa mayar da shi gida zai jefa shi cikin haɗarin kisa ko azabtarwa ko wulaƙanci mai tsanani. Wannan hanya ta biyu ta fara aiki ne a 2012.

Idan jami'in ya ƙi, mataki na biyu shi ne hukumar bita, wadda yanzu ake kira ART a taƙaice. Wannan hukuma ba kotu ba ce, ɓangare ce ta gwamnati, amma tana da ikon sake duba batun daga tushe. Tana sauraron mutum, ta karɓi sababbin hujjoji, ta duba halin da ƙasarsa ke ciki a yau, sannan ta yanke nata hukuncin. Tambayar da take amsawa ita ce: shin wannan mutum ya cancanci kariya?

Mataki na uku shi ne kotu, kuma a nan tambayar ke sauyawa. Ana fara shigar da ƙara ne a ƙaramar kotun tarayya mai kula da shari'o'in shige da fice da na iyali, cikin kwana 35 daga ranar hukuncin, sai dai alƙali na iya ƙara wa'adi idan adalci ya buƙaci haka. Daga nan ana iya ɗaukaka ƙara zuwa Kotun Tarayya, sannan Kotun Ƙoli da ke Canberra idan ta ba da izini na musamman. A duk waɗannan matakai alƙali ba ya tambayar ko mutumin ɗan gudun hijira ne. Abin da yake tambaya shi ne ko hukumar ta yi aikinta cikin hurumin da majalisa ta gindaya mata. Mai karatun da ya san tsarin shari'ar Najeriya zai gane wannan bambanci, domin ƙasashen biyu sun gaji hanyar ce daga Ingila, inda kotu ke iya rushe matakin wata hukumar gwamnati ba tare da ta karɓe aikin hukumar ba.

Kuskuren da kotu ke karɓa

Ba kowane kuskure ne ke sa a rushe hukunci ba. Dole ya zama kuskuren da ya taɓa hurumi. Misalansa sanannu ne: hukumar ta yi wa doka gurguwar fassara, ko ta tsallake wata muhimmiyar hujja da mutum ya gabatar, ko ta hana shi damar kare kansa, ko ta nuna alamar son zuciya, ko kuma ta yanke hukuncin da babu mai hankalin da zai yanke shi a kan hujjojin da ke gabanta.

Shari'ar da aka sani da SZBEL, wadda Kotun Ƙoli ta yanke a 2006, ta nuna yadda abin yake. Wani ma'aikacin jirgin ruwa ɗan Iran ne ya nemi mafaka bisa dalilin addini. Hukumar bita ta saurare shi, daga baya ta rubuta cewa wasu sassan labarinsa ba su kama hankali ba, alhali jami'in farko bai yi shakkarsu ba, ita ma kuma ba ta nuna masa a zaman sauraro cewa a kansu ne hukuncin zai rataya ba. Kotun ta ce an hana shi adalcin sauraro, ta rushe hukuncin. Su waɗannan haruffa da ake kiran shari'o'in da su ba don ado ba ne. Doka ta hana kotuna wallafa sunan mai neman bizar kariya, don kada labari ya koma ƙasarsa ya jefa shi ko danginsa cikin haɗari.

Akwai iyakoki masu tsauri a ɗaya ɓangaren. Tun a 1996, a shari'ar Wu Shan Liang, Kotun Ƙoli ta gargaɗi alƙalai da kada su riƙa bin bayanin hukuma kalma bayan kalma suna farautar kuskure. Daga 2018 kuma ta ƙara sharaɗin cewa dole kuskuren ya zama mai tasiri, wato akwai yiwuwar hukuncin ya sauya da ba a yi shi ba. A 2024, a shari'ar LPDT, ta fayyace cewa wannan sharaɗi ba mai wuyar cikawa ba ne, amma yana nan daram. Sannan mafi yawan ƙorafin da masu neman mafaka ke zuwa da shi kotu shi ne cewa hukumar ba ta yarda da labarinsu ba. Gaskata shaida ko ƙaryata shi aikin hukumar ne, kuma da wuya alƙali ya sa baki a ciki. Mutum na iya kasancewa mai gaskiya ɗari bisa ɗari, ya kuma faɗi a kotu ba tare da alƙalin ya karya wata ƙa'ida ba.

Wanda ya yi nasara ma tsugune ba ta ƙare masa ba. Kotu ba ta ba da biza. Tana rushe hukuncin ne ta mayar da fayil ɗin ga hukumar bita a sake sauraro, kuma hukumar na iya sake ƙi.

Yadda aka yi ƙoƙarin rufe ƙofar kotu

Wannan ƙaramar ƙofa ma da ƙyar ta tsira. A watan Agustan 2001 jirgin ruwan Norway mai suna Tampa ya ceto mutum 433 a teku, akasarinsu 'yan Afganistan, gwamnatin Firaminista John Howard ta hana shi sauke su a ƙasar. A cikin zafin wannan rikici majalisa ta amince da jerin dokoki a watan Satumba, ciki har da sashe na 474, wanda ya ce hukuncin shige da fice ya zama na ƙarshe, ba a ƙalubalantarsa a kowace kotu.

A watan Fabrairun 2003 Kotun Ƙoli ta ba da amsa a shari'ar S157. Ba ta soke sashen ba, sai ta yi masa fassarar da ta zare masa haƙora. Ta ce hukuncin da ke ɗauke da kuskuren hurumi ba hukunci ba ne a idon doka, saboda haka sashen bai kare shi ba. Ta kafa hujja da sashe na 75 na tsarin mulkin ƙasar, wanda ya ba ta ikon sauraron ƙara a kan kowane jami'in tarayya, ikon da majalisa ba za ta iya ƙwacewa ba. Daga wannan rana aka san cewa a Ostireliya akwai wani gwargwadon sa idon kotu a kan gwamnati da babu rinjayen majalisa da zai kawar da shi.

Gwamnatocin da suka biyo baya sun koyi darasi daga nan. Tunda ba za a iya hana kotu duba ko an bi ƙa'ida ba, sai a rage ƙa'idojin da ake buƙatar a bi.

Tsarin gaggawa da abin da ya bari

Babban misalin wannan dabara shi ne dokar Disamban 2014, lokacin da Scott Morrison ke ministan shige da fice. Ta shafi wani ɓangare na kimanin mutum 30,000 da suka iso ta jirgin ruwa ba tare da biza ba, musamman waɗanda suka shigo daga 13 ga Agustan 2012 zuwa ƙarshen 2013. An kafa musu wata hukumar bita ta daban mai suna IAA. Ita wannan hukuma takardu kawai take dubawa. Ba dole ba ne ta ga mutum ido da ido, kuma ba ta karɓar sabuwar hujja sai a wani yanayi na musamman. Waɗanda suka tsallake ma bizar wucin gadi ta shekara uku ko biyar ake ba su.

Da yake dokar ce da kanta ta halatta wannan taƙaitawa, rashin sauraron mutum ya daina zama kuskuren da za a kai kotu a mafi yawan lokuta. Duk da haka alƙalai sun sami inda suka ja layi. A shari'ar ABT17 ta 2020, jami'in ma'aikata ya zauna da wani ɗan ƙabilar Tamil na Sri Lanka, ya ga yanayinsa, ya gaskata bayaninsa na tsarewa da azabtarwar da ya ce sojoji sun yi masa. Da fayil ɗin ya isa IAA, sai mai bitar ya saurari muryar da aka naɗa kawai, ya yanke cewa yadda mutumin ke magana bai gamsar da shi ba. Kotun Ƙoli ta ce hankali ba zai ɗauki a rushe abin da wanda ya gani ya tabbatar bisa abin da wani ya ji a na'ura ba, alhali hukumar na da ikon kiran mutumin ta gan shi. Gani ya kori ji, a wannan karon da hatimin kotu.

Jam'iyyar Labor ta daɗe tana cewa tsarin gaggawar ba ya ba da adalci. Bayan ta hau mulki a 2022 ta ɗauki matakai biyu. A Fabrairun 2023 ta buɗe wa kimanin mutum 19,000 masu bizar wucin gadi hanyar zaman dindindin. A Oktoban 2024 kuma ta rushe IAA tare da tsohuwar babbar hukumar bita ta AAT, wadda ministan shari'a na lokacin, Mark Dreyfus, ya zarga da cewa gwamnatin baya ta cika ta da 'yan jam'iyyarta. Sabuwar hukumar ART, ƙarƙashin Mai Shari'a Emilios Kyrou, ta gaji fayilolin da ba a kammala ba.

Amma hukunce-hukuncen da IAA ta riga ta yanke suna nan ba a taɓa su ba. Dubban mutanen da ta ƙi, waɗanda da yawansu sun haura shekara goma a ƙasar, sun yi aure sun haifi 'ya'ya, ba su da hanyar sake neman bizar. Sashe na 48A ya hana wanda aka ƙi sake nema sai da amincewar minista, kuma babu kotun da za ta tilasta wa minista ya duba roƙon. A 2024 wasunsu sun shafe watanni suna kwana a bakin ofisoshin gwamnati a Melbourne da wasu birane suna neman a warware matsayinsu. Gwamnatin da ta ce ma'aunin ya karkace ta jefar da shi, amma ta riƙe awon da aka yi da shi.

Jinkiri: wa yake amfana, wa yake cutarwa

Gwamnati na da hujjar da ba za a yi watsi da ita ba. Binciken da tsohuwar shugabar 'yan sandan jihar Victoria, Christine Nixon, ta gudanar a 2023 ya nuna cewa tsawon lokacin da ake ɗauka daga ma'aikata zuwa hukumar bita zuwa kotu ya zama abin kasuwanci. Miyagun dillalai na shigo da mutane da bizar yawon buɗe ido ko ta karatu, su cika musu takardar neman mafaka da labarin ƙarya, domin sun san mutum zai samu shekaru yana zaune yana aiki kafin a kai ƙarshe. Da yawan waɗannan mutane kan ƙare a gonaki da wuraren aikin da ake ci da guminsu. A Oktoban 2023 gwamnati ta ware dalar Ostireliya miliyan 160 don hanzarta aikin, ciki har da ƙarin alƙalai goma da tallafin lauyoyi.

Sai dai jinkirin da ke amfanar mai ƙarya shi ne ke kassara mai gaskiya. Yana zaune da bizar jira wadda wani lokaci ba ta ba shi damar aiki ko kiwon lafiya, ba zai iya kawo iyalinsa ba, ba zai iya fita ya dawo ba. Ga kuma tsada. A Janairun 2021 kuɗin shigar da ƙarar shige da fice a ƙaramar kotun tarayya ya tashi daga dala 690 zuwa 3,330, kodayake ana iya rage wa marar hali ko a yafe masa. Wanda ya faɗi yakan biya kuɗin lauyoyin minista. Doka kuma ta hana lauya shigar da ƙarar da ba ta da alamar nasara, har ana iya ɗora masa kuɗin shari'ar. Sakamakon haka mutane da yawa na tsayawa gaban alƙali su kaɗai da tafinta, ana tambayarsu su nuna kuskuren hurumi, abin da ƙwararrun lauyoyi ma ke gardama a kansa. Abin da suka sani shi ne labarinsu, shi kuma alƙali ba shi da ikon sake auna shi.

Labarin iyalin nan 'yan Tamil na garin Biloela a jihar Queensland ya haɗa ƙarfin kotu da iyakarta wuri guda. An ƙi iyayen, an kama iyalin a Maris na 2018. A Agustan 2019 umarnin alƙali ya tsayar da korarsu bayan jirgi ya riga ya tashi, aka sauke su a Darwin, daga nan aka kai su tsibirin Christmas. A 2020 Kotun Tarayya ta ce ba a yi wa ƙaramar 'yarsu adalcin sauraro ba. Duk da haka ba kotu ce ta mayar da su gida ba. Matsin lambar mutanen garin da sauyin gwamnati ne suka sa aka bar su suka koma Biloela a Yunin 2022, minista kuma ya ba su zaman dindindin a Agusta. Kotu ta saya musu lokaci, siyasa ta ba su biza.

Inda fafatawar ta koma

A ranar 8 ga Nuwamban 2023 Kotun Ƙoli ta yanke shari'ar NZYQ, ta wani ɗan Rohingya marar ƙasa, inda ta ce haramun ne a ci gaba da tsare mutum idan babu alamar za a iya fitar da shi daga ƙasar nan kusa. Wannan ya rushe matsayin da ita kanta ta ɗauka a shari'ar Al-Kateb ta 2004, aka kuma saki mutum fiye da 140, da yawansu masu tarihin aikata laifi. Martanin gwamnati ya bi tsohuwar hanya. An yi dokokin da suka ba da damar tura irin waɗannan mutane wata ƙasa ta uku, an ƙulla yarjejeniya da tsibirin Nauru a 2025, sannan majalisa ta amince da dokar da ta cire wajibcin sauraron mutum kafin a ɗauki wasu matakan tura shi can. Ƙofar kotu na nan a buɗe, amma an sake rage abin da za a iya shiga da shi.

Wannan shi ne abin da shekara ashirin da 'yan kai suka nuna. Kotunan Ostireliya sun kare ikonsu na duba gwamnati, sun kuma ceci mutane daga hukuncin da aka yanke da garaje. Amma majalisa ce ke rubuta ƙa'idojin da kotu ke aunawa da su, kuma babbar tambayar, ko za a kashe wannan mutum idan aka mayar da shi, a gaban jami'in ma'aikata da mamban hukumar bita ake amsa ta. Saboda haka a can ne ya kamata a auna gyaran 2024: ko ana naɗa mambobin ART bisa cancanta, ko mai neman mafaka na samun lauya da ƙwararren tafinta tun daga zaman farko, da kuma ko ana yanke hukunci cikin watanni maimakon shekaru. Idan an samu waɗannan, dillalan ƙarya za su rasa abin sayarwa, ƙararrakin da ke cunkushe kotu kuma za su ragu da kansu.

Su kuwa waɗanda tsarin gaggawa ya ƙi, babu alƙalin da zai iya warware musu gaba ɗaya, domin doka ba ta ba shi wannan iko ba. Minista na da shi a hannu, ta hanyar ɗage haramcin sake nema ko ba da biza kai tsaye. Muddin bai yi amfani da shi ba, mutanen da suka gudo daga Sri Lanka da Iran da Afganistan fiye da shekara goma da suka wuce za su ci gaba da sabunta bizar jira, bisa hukuncin wata hukuma da gwamnatin da ke kan mulki ta rushe saboda ta ce ba ta yi adalci ba.